Tikitin Mai Kwas Uku

A ofishin ɗaliban ƙasashen waje suka fara haɗuwa, ɗakin nan mai kujerun roba da injin shayin da ya mutu tun bara. Ita ce a tebur na biyu, aikinta ta tsare wa ɗalibai bizarsu kada ta lalace. Aiki ne kamar kiwon kaji a bakin titi, don hukumar shige da fice tana sauya doka kamar yadda mai ƙaiƙayi ke sauya kwanciya, su kuma ɗaliban kowa lauya ne a ɗakin kwanansa.

Wani dogo ya zauna gabanta yana murmushin wanda ya gano dabara.

"Ranki ya daɗe, kwas ɗaya zan ajiye, in bar uku, in samu lokacin aiki a sito."

"Wa ya ba ka wannan shawara?"

"Abokan ɗakinmu."

"Su abokan ɗakin naku, nawa ne a cikinsu suka gama karatu?"

Ya sosa ƙeya.

"To saurara, Mai Kwas Uku. Ranar da ka sauka daga huɗu ka daina zama cikakken ɗalibi, ranar bizarka ta mutu. Sai ka je siton ka nemi kwalin da za a saka ka a mayar da kai gida."

Maimakon ya ji haushi, sai ya tsaya yana kallon bakinta. Namiji ke nan: a zage shi da murya mai daɗi, ya ɗauka kirari ne.

Bai ajiye kwas ɗin ba, kuma bai daina zuwa ba. Kullum da tambayar da amsarta ke manne a bango. Da ta ga inda zancen ya dosa, sai ta miƙa fayil ɗinsa ga abokiyar aikinta, wata Anti mai tabarau, don kada a ce ta haɗa aiki da son rai. Ranar ya aiko mata saƙo:

"'Yar Doka, kin kore ni daga teburinki. Wace takarda ake nema kafin a shiga zuciyarki?"

Ta amsa: "Babu takarda. Ka ci jarrabawarka, ka daina jin maganar abokan ɗaki. Sannan a duba."

Da magana ta kai gida, Babanta ya ajiye makullin tasi a tebur da ƙarfi. Shi ma da ƙaramar jaka ya shigo ƙasar nan yana saurayi, ya sha layi a ofisoshi har ya zama ɗan ƙasa. Amma wanda ya haye rafi shi ya fi kowa raina masu jiƙa wando.

"Ɗalibi? Uwata, ɗalibi ai ba miji yake nema wa kansa ya zama ba, mafaka yake nema. Takardarki yake so. Na ɗauki irinsu a mota, na ji hirarsu."

"Baba, bizarsa tasa ce, har ya tura neman sabuntawa."

"Kura ma tana da nata gidan, amma ba ta ƙin akuyar maƙwabta."

Akwai wanda Baban yake so, ɗan amininsa, wanda unguwa ke kira Ɗan Fasfo. Nan aka haife shi, kuma wannan ce kaɗai bajintar da ya taɓa yi. Ko burodi za a aike shi saya sai ya san yadda fasfon ya leƙo daga aljihu. Shi ya zauna a falo, ya harɗe ƙafa, ya ce:

"Baba, abu mai sauƙi. In da gaske yake, ya koma gida ya taho da manyansa su nemi aure. Ai mutum ba daga sama ya faɗo ba."

Magana kamar ta mutunci. Amma munafukin ya san sabuwar dokar da ta fito: ɗalibin da ya fita ƙasar alhali neman sabunta bizarsa yana hannun hukuma, an ɗauka ya janye, ba shi ba dawowa. Baba bai san wannan ba, dokar da ya sani ta zamaninsa ce. Ya kira Mai Kwas Uku gefe ya kafa masa sharaɗin, ya ƙara da cewa maganar maza ce, ban da gaya wa mata.

Sai ta ga Mai Kwas Uku ya sauya. Saƙo ya gajarce, kira ya ragu. Ta ce a ranta ashe Baba ya yi gaskiya, ya ga takarda ta yi wuya ya ja baya. Ta yi kukanta a banɗakin ofis, ta wanke fuska, ta dawo ta ci gaba da yi wa ɗalibai faɗa.

Wata safiya Anti mai tabarau ta leƙo ta saman gilashinta.

"Wai mutuminki lafiyarsa ƙalau? Jiya ya zo tambayar tafiya. Na ce masa in ya fita ya fita ke nan. Ya ce ya sani."

Kafin Anti ta rufe baki wayar 'Yar Doka ta yi ƙara.

"'Yar Doka, ina hanyar filin jirgi. Baba ya ce in kawo manyana. In na zauna, har abada zai ce takarda na aura. In na tafi, zai san ke nake so. Ki yafe mini ɓoyewar. Naki, Mai Kwas Huɗu."

Ta karanta, ta ce, "Sakarai!" da ƙarfin da ɗaliban layi suka gyara tsayuwa. Ta fita ko jaka ba ta ɗauka ba.

A tashar tasi ta sami Baba yana goge gilashi. Ta miƙa masa wayar.

"Karanta, Baba. Ga mai son takardar. Yau zai jefar da takardar, da karatun, da ni, don ka ce masa ɗan halak."

"To ai zai dawo da kawunsa. Haka ɗan aminina ya ba ni shawara."

"Ba zai dawo ba! Dokar ta sauya. Wanda ya ba ka shawarar ya sani, a gabana ya karanta sanarwar yana dariya."

Baba ya tsaya da tsumma a hannu. Tsoho zai jure a ce ya yi kuskure, amma ba zai jure a ce yaro ya yi wasa da hankalinsa ba.

"Shiga mota."

Ya bi ta bayan kasuwa, ya ratsa layin masu gyaran taya, ya ɓulla ta wata hanyar da ko taswirar waya ba ta san da ita ba, yana tafe yana zagin duk wanda ya riga shi shiga titi. Suka sami dogon a layin awon kaya, riƙe da tikiti, fuska kamar wanda za a kai makabarta. Baba ya fizge jakar daga hannunsa.

"Kai wane irin wawa ne? Ni na ce ka faɗa rijiya, sai ka faɗa?"

"Baba, ai kai ka ce..."

"Ni direba ne, na san dokar biza? Ga wadda ake biya don ta sani, ka tsallake ta ka zo kana jin maganata! Haka za ka riƙe mini 'ya?"

Yaron ya ji kalmar ƙarshen, ya kasa rufe baki. Ita kuwa ta matso, ido jajur.

"Da farko abokan ɗaki, yanzu Babana. Kai kowa ya yi magana sai ka bi, ban da ni?"

"Na tuba, 'Yar Doka."

"Ka tuba a mota. Kana da lacca da rana, kuma ana ɗaukar suna."

Manyan nasa ta waya suka nemi auren. Aka jingina wayar da kwalbar ruwa a tsakiyar falo, kawunsa yana ihu kamar mai kiran wani a hayin kogi, hoto yana tsayawa yana tafiya. Baba ya ce ya ba da, amma ba za a ɗaura ba sai bizar yaron ta fito da guminsa, don a toshe bakin 'yan unguwa. Nasa bakin dai bai ambata ba.

Bizar ta fito bayan jarrabawa, aka ɗaura aure. Ɗan Fasfo ya halarta da fasfonsa a aljihun gaba, babu wanda ya tambaye shi, har mai raba abinci.

Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai hankali irin na uwarsu. Kai kuma, daga yau ko bakin gari za ka je, ka fara tambayar matarka."

Ango ya ce, "Amin, Baba."

Amarya ta ce daga cikin mayafi, "Wannan dai shawarar, na yarda ka bi."