Ranar da Auta Ya Firgita

Malama ta shigo aji tana murmushi.

"Gobe za mu je bargar dawakin 'yan sanda," in ji ta. "Kowa ya zo da abin yin hayaniya."

Yara suka kalli juna. Malamar da kullum take cewa a yi shiru, yau ita ce ke neman hayaniya?

"Sun samu sabon doki," ta ce. "Kafin ya fara aiki a titi, sai ya saba da taron jama'a. Mu ne za mu zama taron!"

Sai aji ya kaure da ihu. Wadda ta fi kowa tsalle wata yarinya ce da ake kira Zumuɗi, don ba ta iya jira a gama magana.

Da ta koma gida, kicin ta nufa.

"Ke, ina za ki kai mini murafan tukunya?" in ji Mama.

"Aikin 'yan sanda ne, Mama!"

"To, ranki ya daɗe. Saura ki lotsa mini su."

Zumuɗi ta ƙara da wata jar balan-balan, ta cusa a aljihu.

Washegari suka isa barga. Kai! Dawakin nan sun fi Malama tsawo. Jikinsu sai sheƙi yake. Wani ɗan sanda yana taje wa ɗaya gashi, wani yana duba kofaton ɗaya.

Wani Saje mai furfura ya tare su.

"Me ya sa kuke hawa doki, Yallaɓai, alhali kuna da mota?" wani yaro ya tambaya.

"A kan doki ina hango kowa a cikin taro," in ji Saje. "Yaron da ya ɓata ma yana hango ni. Kuma doki yana shiga inda mota ba ta shiga."

Sai ga wata Kofur ta fito da hular kwano, a kan wani doki mai farin goshi.

"Wannan shi ne Auta, ƙaramin cikinsu," in ji Saje. "Ku saurara. In na ɗaga hannu, ku yi hayaniya. In na sauke, ku yi tsit, ya huta. Kada kowa ya tsallake farin layin nan."

Ya ɗaga hannu. Gwangwanaye suka ɗauka! Usur, ganga, murafan tukunya! Auta ya miƙe kunnuwa, ya ɗan ja da baya. Kofur ta shafa wuyansa, sai ya tsaya.

Saje ya sauke hannu. Wuri ya yi tsit.

Zumuɗi kuwa daɗi ya cika ta. Ta ce a ranta, ai wannan dokin ba ya tsoron komai. Ta hura balan-balan ɗinta a ɓoye. Ta lallaɓa ta tsallake layi, ta bayan doki. Ta soka mata tsinin fensir.

Fus! Tau!

Auta ya yi haniniya, ya miƙe a kan ƙafa biyu. Kofur ta faɗo a kan hannunta. Dokin ya zabura zuwa ƙarshen fili, jikinsa yana rawa.

"Wa ya yi wannan?" in ji Saje.

Zumuɗi ta riga ta koma cikin yara, ta sunkuyar da kai.

Nan take aka sallame su. Ko taɓa doki ba wanda ya samu ya yi.

Da ta koma gida, ta kasa cin abinci.

"'Yata, yau ba labari?" in ji Baba.

Sai ta fashe da kuka, ta faɗa masa komai.

Baba bai yi mata tsawa ba. Ya ce, "Kin yi kuskure biyu. Kin karya doka, kin kuma ɓuya. Na biyun yana da gyara. Ɗauko takalminki."

Suka tarar da Kofur a barga, hannunta a naɗe da bandeji.

"Ni ce, Anti," in ji Zumuɗi. "Ki yi haƙuri."

Kofur ta dube ta. "Hannuna zai warke. Amma Auta ya yarda da mu cewa in an yi shiru ba abin da zai same shi. Yanzu ko leda ta motsa sai ya firgita. In bai daina ba, ba zai yi aiki ba."

"Ba yadda za a yi?"

"Akwai. Amma sai mai haƙuri. Kina da shi?"

Baba ya yi tari. Zumuɗi ta ce, "Zan nemo!"

Kowace Asabar Baba yana kawo ta. Da farko daga nesa take tsayawa, tana kaɗa leda a hankali. Sati na biyu ta matso. In Auta ya natsu, sai ta ba shi karas a tafin hannu. Sau da yawa ƙafarta tana ƙaiƙayin gudu, amma ta daure.

Bayan sati shida aka sake gayyatar ajin. Saje ya ɗaga hannu. Hayaniyar ranar har ta fi ta farko, an buɗe laima, an kaɗa tutoci. Auta ya ratsa tsakiyarsu, kansa a sama, ko gezau.

"Ya ci jarrabawa!" in ji Saje. "Jibi zai fara aiki a ƙofar filin ƙwallo."

Yara suka yi ta tafi. Kofur ta sauko, ta sa wa Zumuɗi hular kwano, ta ɗora yarinyar a kan sirdi. Daga can sama tana hango kowa da kowa.

"Me kika koya?" in ji Malama.

"Doka tana da dalili, ko da ban gane shi ba," in ji Zumuɗi. "Kuma in na yi laifi, in faɗa da bakina, in gyara."