Fayafayan Marigayi Malam Sada

Hajiya Kulu ce ta kawo ƙara. An fasa ɗakin Sagir, ƙanen mijinta mai ɗaukar bidiyo, an kwashe fayafayan sidi na karatun mijin nata, marigayi Malam Sada. Ba inda muryar mijinta ta rage sai a cikinsu.

Kafin maganar ta iso teburin Sufeto Nu'uman, an riga an kulle Babaji, wani mai Keke Napep da aka ga faifai biyu rataye a bayan kekensa. Gobe za a kai shi kotu.

Sufeto ya same shi tsugune a kusurwar sel, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ina ka samo su?"

"A bola, Yallaɓai, wajen hasumiyar Gobarau. Don walƙiya na rataya, kada mota ta bi ta kaina."

"Kowa a bola yake tsinta."

"To mi zan ce? Ni ko rediyo ba ni da shi."

Sufeto ya ɗaga faifai ɗaya saitin 'yar tagar ofis. Haske ya ratso ta ƙananan huji kamar an huhhuda shi da allura, gefensa ya yi ja kamar tsatsa. Ya saka a kwamfuta. Ta yi gurnani, ta tofo shi.

Ɗakin Sagir a Ƙofar Marusa ƙuntatacce ne, rufin kwano, babu taga. Kyamara da kwamfuta suna nan kan tebur.

"Ɓarawon nan mai son karatu ne," in ji Sufeto. "Ya bar kyamara."

Sagir ya yi 'yar dariya. "Ƙila sauri yake, ranka ya daɗe."

Sufeto ya duƙa gindin randa. Ƙasa a jiƙe take, ga shatin kwali a wurin, ya yi baƙi da danshi.

"Nan kake ajiye su?"

"Nan ya fi sanyi. Zafi nake gudar masu."

"Yaushe rabonka da kunna su?"

"Watan jiya. Tas suke."

Sufeto ya miƙa masa faifan, ya tsaya a bakin ƙofa, ya tare ɗan hasken da ke shigowa.

"Wannan ruɓewar ba ta wata ɗaya ba ce, Malam Sagir. Shekaru danshi ya yi yana cinsu. Wa zai fasa ƙofa don matattun fayafayai?"

Sagir ya dubi bango, ya dubi ƙofa. Sannan ya zauna a kan katifa.

"Hajiya ta ce in kawo, jikoki su ji muryar kakansu. Na kunna, ba faifan da ya yi magana. Kullum sai ta aiko. Da wane baki zan ce mata ni na kashe su? Na zubar, na ɓalle kwaɗon da kaina."

"Ka san akwai mutum a kulle?"

"Na sani."

A ofis aka buɗe sel, Babaji ya fito yana kare ido, aka shiga da Sagir. Hajiya Kulu na zaune kan benci, ba ta dubi kowannensu ba.

"Sufeto, ko ɗaya babu mai yi?"

"Babu, Hajiya."

Ta gyara mayafi. "To a ba ni biyun nan. Ko ba su magana, zan ajiye."