Sunan Baba a Ƙasan Shafi

"Ba ni wayar nan, Rauda! Daga yau ko zaure kada ƙafarki ta taka!"

Na miƙa wa Baba. Wai duk a kan me? Shafin intanet!

Suhaibu, saurayina, shi ya haɗa wa Islamiyyarmu ta Tudun Wada shafi, don neman shiga wajen Baba. Ya tsara shi yadda masu aikin ke yi: babban take a sama, kowane sashe da matsakaicin take, malamai a ƙarƙashin sashensu da ƙarami. Sai ga sunan Baba, shugaban makaranta guda, ya faɗo ƙarƙashin Sashen Hadda, ɗan mitsitsi.

Muntaka ɗan baffana, wanda na ce ba na so tun bara, shi ya buɗe wa Baba daidai wurin.

"Dubi inda ya ajiye ka. Tun bai aure ta ba ke nan!"

Munafuki!

Kwana da kwanaki daga ɗaki sai madafi. Ko ƙarar acaɓa na ji sai in ɗauka Suhaibu ne ya zo. Wallahi na yi kewarsa har abinci ya daina shiga.

"Inna, ki sa baki mana..."

"Ni? Malam in ya hau, sai ya ga dama yake sauka."

Ranar Juma'a bayan la'asar na ji sallamar Suhaibu. Na laɓe bayan ƙyauren zaure.

"Baba, a gafarce ni. Na zo in gyara a gabanka."

"Ka mai da sunana sama. Can ƙoli!"

"To, Baba. Sai dai babban taken, H1 muke ce masa, guda ɗaya ake sa wa shafi. In naka zai hau, sai na sauke wanda ke wurin. Ni kuwa hannuna ba zai iya ba sai ka ce."

"Wa ke wurin?"

"Madarasatu Malam Nagoda."

Kakana ke nan, mahaifin Baba, wanda ya kafa makarantar.



"Kada ka taɓa shi," in ji Baba a hankali. "A ƙarƙashinsa na tashi. Bar ni inda nake."

Sai ya ɗaga murya.

"Ke mai laɓe, ina ganin ƙafarki! Kawo wa baƙonki ruwa."

Na fito da kofi, rabin ruwan ya zube a hanya.

"Kin rame, Raudata," Suhaibu ya ce ƙasa-ƙasa.

"Kai ma..."

Baba ya zura takalminsa, bai kalle mu ba.

"Ka gaya wa magabatanka ina jiran su."