Ranar Da Abba Ya Cire Tabarau

"Wai ke yau ba za ki saki fuska ba ne? Ko sai na rera miki waƙa a gaban 'yan sandan nan?"

Auta ta harari Dogo, amma murmushi ya ƙwace mata. A bakin ƙofar majalisar dokoki ta ƙasa suke, cikin layin masu jiran a caje su. Dogo shi ne wanda za ta aura nan da 'yan makonni. A ɗakin ɗaukar hoton ƙirji na wani asibiti yake aiki, kuma bakinsa ba ya shiru ko a gaban wa.

"Rufa mini asiri, agwagwa ma ta fi ka murya."

"Haba sanyin idona! Yau fa ranar farin ciki ce. Surukina zai miƙe ya ce eh a gaban duniya."

Mahaifin Dogo yana jingine da kafaɗar ɗansa, numfashi yana yi masa wuya. Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki da hankici, sannan ya dubi Auta.

"'Yata, Sakatare ya iso?"

"Ya iso tun ɗazu, Baba."

"To alhamdulillahi. An gama ke nan."

Sakatare shi ne mahaifin Auta. Kowa Onarabul yake ce masa yanzu, amma tsofaffin ma'aikatan kamfanin siminti ba su taɓa canza masa suna ba. Tare suka yi dakon buhu da Baban Dogo, tare suka shaƙi ƙurar nan mai toshe huhu. Shi Allah ya ba shi baki, ya zama sakataren ƙungiyar ma'aikata, ya jagoranci yajin aikin da ya kai shi gidan yari. Da ya fito suka ɗauke shi a kafaɗa, ba su dire shi ko'ina ba sai a kujerar majalisa. Yau kuma za a kaɗa ƙuri'a kan ƙudirin da zai tilasta wa kamfanonin siminti ɗaukar nauyin jinyar duk ma'aikacin da ƙura ta lalata wa huhu.

A duk taron siyasa, magana ɗaya Onarabul yake bugun ƙirji da ita: "Ku je ku bincika! Tunda na shiga majalisa ban taɓa kaɗa ƙuri'ar da za ta cuci talaka ba!" Kuma wallahi gaskiya yake faɗa. Abin da ba ya faɗa shi ne, duk ranar da irin wannan ƙuri'a ta taso, ba a samunsa a zauren.

Auta ta fi kowa sanin yadda ake yi, don da hannunta ake yi. Tana gama jami'a ya ɗauke ta aiki a ofishinsa, ya ce shi bai yarda da bare ba. A benen 'yan kallo take zama, daidai inda zai hango ta. In ƙuri'ar murya ce ba damuwa, kowa ya yi ihunsa, ba mai gane muryar wani. Amma in aka ce za a kira suna ɗaya bayan ɗaya, ga jama'a suna son abu, ga jam'iyya ba ta so, sai Abba ya cire tabarau ya sa a aljihun gaba. Ita kuma ta kira wayarsa. Ya duba, ya ɓata fuska kamar an aiko masa da rasuwa, ya rusuna wa Kakakin majalisa ya fice da waya a kunne. Kafin ya dawo an wuce sunansa.

Da can abin har dariya yake ba ta. A mota sai ya ce, "Siyasa ke nan, Autana," su kama wata hirar.

Yau da safe kuwa sai da ta same shi a falo yana ɗaura agogo.

"Abba, yau fa ba irin sauran ranaku ba ce."

"Na sani."

"Baba da kansa zai zo. Dogo ya ce huhunsa ɗaya ya riga ya gama aiki..."

"Ke kina ganin ba ni da zuciya ne? Mutumin da muka ci wuya tare?"

"To ka yi mini alkawari."

Ya ɗauki jakarsa. "Allah ya kai mu, Auta."

Amsar ke nan, kuma ita ce ta hana ta sakin fuska tun safe.

A bene suka zauna, Auta a tsakiya. Aka yi ta muhawara, masu ƙiba suna hamma, wasu suna latsa waya. Can wata 'yar majalisa ta miƙe ta ce ba ta yarda da ƙuri'ar murya ba, a kira kowa da sunansa, jama'a su san wanda ya tsaya musu. Bene ya ɗauki tafi. Baban Dogo ma ya tafa.

Auta ta ga wani jigon jam'iyyarsu ya taso daga layin gaba, ya sunkuya a kunnen Abba, ya dafa masa kafaɗa ya koma. Akawun majalisa ya fara kiran sunaye.

Sai Abba ya kai hannu fuska, ya cire tabarau.

Auta ta girgiza masa kai a hankali. Ya ɗago ya kafe ta da ido, irin kallon da tun tana yarinya ba ta taɓa iya tsallakewa ba. Sunaye suna ta matsowa. A ranta ta ce, ba zai ce eh ba, an riga an ja masa kunne. In ban kira ba, da bakinsa zai ce a'a a gaban Baba, kuma zuciyar tsohon nan ba za ta ɗauka ba. Ai gara a ce ba ya nan...

Ta zaro wayar a ƙarƙashin jaka, ta danna.

A ƙasa Abba ya duba tasa wayar, ya ɓata fuska, ya rusuna ya nufi ƙofa. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, wasu 'yan majalisa da suke jiran su ga inda ya dosa, ganin tsohon Sakataren ma'aikata da kansa ya zame, sai su ma suka tashi sumui-sumui suka bi bayansa.

"Subhanallahi! Lafiya kuwa?" in ji Baba, yana leƙe.

Auta ta juya wajen Dogo, ta ga ba zauren yake kallo ba. Cinyarta yake kallo, inda wayar take haske da suna ɓaro-ɓaro: Abba.

Ƙudirin ya faɗi da ƙuri'u ƙalilan. Da waɗanda suka fita sun zauna, da ya wuce.

A kan matakala ta cim ma Dogo, bayan ya zaunar da mahaifinsa a wani benci.

"Dogo, don Allah ka tsaya ka ji..."

"Ina ji."

"Ba yadda kake tsammani ba ne."

"To yaya ne? Ke kika kira shi ko ba ke ba ce?"

"Ni ce, amma..."

"Yau kika fara?"

Ta sunkuyar da kai. Ya yi wata dariya marar daɗin ji.

"Ashe sana'a ce! Ni ina can ina ɗaukar hoton ƙirjin mutane, ina ganin huhu ya zama dutse, ina ce musu su yi haƙuri surukina yana majalisa. Ashe ku kuna nan kuna wasan kwaikwayo!"

"Wallahi don Baba na yi! Na ji tsoron ya ce a'a a gabansa!"

"Da kin bar shi ya faɗa! In ya ce a'a, mu san wanda ya sayar da mu. In kuma kunya ta kama shi ya ce eh fa? Wa ya ba ki ikon yanke mana hukunci?"

"Masoyina..."

"Kada ki kira ni da wannan sunan a nan wurin."

Tarin Baba ya katse su, tari mai tsanani har yana dafe bango. Dogo ya ruga ya tallabe shi, suka fita ba tare da ya waiwayo ba.

A mota Abba ya mayar da tabaransa yana duba labarai a waya, ko a jikinsa. Da suka yi nisa sai Auta ta tambaye shi.

"Abba, me ya gaya maka a kunne?"

"Maganar takara ce. In na ce eh, ba za su sake tsayar da ni ba. To in na bar kujerar, wa zai yi wa talaka magana?"

"Yaushe ka yi masa?"

"Auta! Ni kike gaya wa haka?"

"Dogo ya gani, Abba. Ya ga sunanka a wayata."

Ya yi tsaki. "Ke ma ai da sakaci. Sai ki bar waya a fili?" Sannan ya ce a hankali, "Kin san wani abu? Da na hango tsohon nan a bene, jikina ya yi sanyi. Da ba ki kira ba... wallahi ban san abin da zai fito daga bakina ba. Wataƙila da eh ɗin na ce."

Auta ta juya ta dube shi. Shi ya cire tabarau, shi ya kafe ta da ido, yanzu kuma ya tattara laifin kacokan ya ɗora mata, har yana jin sanyi a ransa. Ba ta taɓa jin ɗacin da ta ji a wannan lokacin ba. Washegari da safe ta ji shi a rediyo yana cewa wani uzurin iyali ne ya fitar da shi, kuma faɗuwar ƙudirin ta fi yi masa ciwo fiye da kowa.

Ta daina zuwa ofis. Ta kira Dogo har ta gaji, bai ɗauka ba. Da ta ji an kwantar da Baba a asibiti, sai ta daure ta tafi.

Ta same shi da robar iska a hanci, ya rame sai idanu. Dogo yana zaune a gefen gado, ya amsa sallamarta ciki-ciki. Baba kuwa fuskarsa ta washe.

"'Yata! Zo nan kusa. Wai wane ne ba lafiya a gidanku?"

"Na'am, Baba?"

"Wayar da aka yi wa Sakatare mana. Na ga yadda fuskarsa ta canza. Na ce wa yaron nan, ba ƙaramin abu ne zai fitar da Sakatare a irin wannan rana ba. Tun ranar nake yi muku addu'a."

Ta dubi Dogo. Ya sunkuyar da kai yana gyara bargo. Ashe bai gaya masa ba.

"Da... da sauƙi, Baba. An samu sauƙi."

"Madalla! Allah ya yi miki albarka."

Ba ta daɗe ba ta miƙe, don hawaye sun kusa tona ta. Dogo ya rako ta zuwa bakin ƙofar ɗakin, ya ja ƙofar bai rufe duka ba.

"Na gode da ba ka gaya masa ba," ta ce cikin raɗa.

"Ba don ke na yi ba. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, yardar da ya yi wa abokinsa. Ba ni zan ƙwace masa ba."

"Na bar aikin, Dogo. Wallahi na bari!"

"Kin kyauta."

"To mu fa?"

Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"In na aure ki, kullum zai riƙa sa miki albarka a gabana, ni ina cewa amin. In ya rasu, mahaifinki zai zo gaisuwa da 'yan jarida, ni in tashi in ba shi kujera. Na auna, Auta. Ba zan iya ba."

"Ka daina sona ke nan?"

"Da na daina ai da na huta."

Kuka ya ƙwace mata, ta toshe baki da gyale don kada a ji a ciki. Ya ɗaga hannu kamar zai share mata hawaye, sai ya mayar da shi aljihu.

Daga cikin ɗakin muryar Baba ta fito, a shaƙe, tari yana yanke ta.

"'Yata! Ki gaishe mini da Sakatare... Ki ce kada ya sa damuwa a ransa. In aka sake kawo maganar, na san zai tsaya mana!"

Auta ta haɗiye kukan da ƙyar, ta daidaita murya.

"Zai ji, Baba."

Dogo ya koma ciki ya rufe ƙofar.