Sumar Zariya

Ranar kasuwar Sheme Hajaratu ta fara ganin Mamuda. Tana zaune bayan Goggonta da hulunan da suka ɗinka, sai ga wani saurayi daga Faskari ya tsaya yana gwadawa. Ya gwada bakwai bai sayi ko ɗaya ba.

"Kai yaro, saye ka zo ko kallo?" in ji Goggo.

"Goggo, mai ɗinkin nike son sani."

Hajaratu ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ranar, duk Juma'a da la'asar sai a ga kekensa a ƙofar gidan Malam Audi, mahaifinta. Shi ke surutu, ita tana wasa da bakin zane. Hajo yake ce mata.

Bayan damina takarda ta zo, an ɗauke shi jami'a a Zariya. Ranar sallama ta miƙa masa zare, kanta a ƙasa.

"Auna kanka."

Ya zagaya zaren a kansa mai sabon aski, ya ƙulle, ya ba ta.

Wasiƙarsa ta farko direban motar Funtuwa ya kawo. A aji uku ta bar makaranta, don haka da yatsa ta bi ta baƙi bayan baƙi.

"Hajo, sanyin idona. Nan gwamnati ke ciyar da mu, har da kaza, amma kullum da yunwa nike tashi. Cokali mai yatsu ake ba mu, shinkafa na zubewa, 'yan birni na dariya. Sun sa mini suna Ƙwaryar Faskari saboda askina. Malaminmu Bature ne, rabin maganarsa ba ni ji. Ba don ke ba da na gudo."

Kwana biyu ta yi kafin ta haɗa amsa: "Ka yi haƙuri. Ka ci da hannu. Ina nan."

Daga nan wasiƙu suka ja baya, har suka ɗauke. Ita kuwa tana ta ɗinkin hularsa, har allura ta huda mata yatsa.

Da aka yi hutu ya zo gaisuwa tare da Ɗanliti, abokin karatunsa ɗan Ƙanƙara. Wandon Mamuda na sharar ƙasa, kansa ba hula, ya tara suma tuli guda irin ta 'yan jami'a. Malam Audi ya dube shi daga kan tabarma.

"Wane ne wanga?"

"Ni ne Mamuda, Baba."

"Mamudan da na sani yana da kai. Ba ni ba da ɗiyata ga mai sheƙar tsuntsu. Tashi ka ba ni wuri."

A soro ta same su, ta miƙa wa Mamuda hular. Ya ɗora, ta ƙi shiga, ta tsaya a saman suma, ta gangaro ƙasa. Ɗanliti ya tuntsire da dariya. Mamuda ma ya yi, har ya ce masa wani abu da Turanci.

"Hajo, can ba a yayin wannan."

Ta duƙa ta ɗauka, ta kakkaɓe.

"Wata uku ina ɗinki. Da hannunka ka auna."

"Ba ki san abin da na sha ba. Sai da na tara gashin nan suka bar ni na zauna cikinsu."

"Sun yi maka dariya, ka zo ka rama a kaina."

Bai taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Ta shige gida. Washegari ta ba Goggo hular, aka sayar wa wani baƙo a kasuwar Ƙanƙara.

Cikin makon Bilya, ɗan wani mai fataucin hatsi a Sabuwa, ya zo da sabon babur, ya turo manya. Malam Audi ya kira ta.

"Ba ni tilasta ki. Amma wancan, in dai haka yake, ki cire shi daga ranki."

Ta tashi ta koma ɗaki. Abinci ma ya daina shigar mata.

Ranar kasuwa ta zagayo. Da hantsi mutane suka ga Mamuda ya zauna gaban wanzami a tsakiyar kasuwa. Ana ta taruwa ana shewa, suma na zuba a ƙasa, shi ko bai ɗaga ido ba. Daga nan ya wuce ya durƙusa gaban Malam Audi.

"Yanzu na gane ka," in ji tsohon. "Koma ka ƙare shekarar. In ka dawo yadda ka tafi, mu yi magana."

Bayan wata guda wasiƙa ta zo.

"Hajo, sunan Ƙwaryar Faskari ya dawo. Ɗanliti ya daina zama kusa da ni. Na faɗi jarrabawa ɗaya, zan sake. Ban ce ki yafe ba, ki dai jira ni."

Ba ta amsa ba. Amma ta roƙi Goggo ta ba mutanen Sabuwa haƙuri.

Da dogon hutu ya dawo da askinsa, aka ɗaura masu aure, ruwa na zuba, motar 'yan Faskari ta kafe a laka sau biyu. Da hutu ya ƙare suka fito bakin titi da akwatinta, za su ɗakin da ya kama a Samaru. Ta dube shi.

"Malam, ni ma za su sa mini suna?"

"Za su sa."

"Kai fa? Za ka taya su?"

Ya ajiye akwatin ƙasa.

"Na yi sau ɗaya, Hajo. Har yau ɗacin bai bar bakina ba."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta tattare zanenta ta riga shi shiga mota, ta matsa ta bar masa wuri.

Goggo da ta rako su ta leƙo ta taga tana share hawaye.

"Allah shi ba ku haƙurin juna, shi tsare ku da bakin mutane."

"Amin, Goggo," suka ce tare.