Kayan Hawan Dutse

Da la'asar suka fara loda Hilux ɗin a bayan garejin Zailani, can gefen Daura. Maƙwabta an ce musu samari ne za su je shan iska duwatsun Roni, su kwana a tanti. Kayan ma sun nuna haka: tabarmi, barguna, risho, buhun garin kwaki, jarkokin ruwa da na fetur, igiya, tayar sifiya. Bindigogin kuwa suna naɗe cikin tantin.

Zailani ne direban gungun. Tun fashin hanyar Zango, inda Yazid, ɗan gungunsu, ya harbe wani dattijo falken shanu, bai sake barcin kirki ba. Ko madubin mota ya duba sai ya ga kamar mutumin na zaune a baya, hularsa a karkace. Yanzu kuma Oga Munzali ya shirya su tare fatake ranar kasuwar Mai'aduwa, su haye dutse su ɓuya har ƙura ta lafa.

Munzali ya iso da diga da shebur, ya ce saboda ko mota ta kafe. Sannan ya ja Zailani bayan bango, ya gaya masa Yazid ya fara zancen tuba, kuma mai zancen tuba bakinsa ba ya rufuwa.

"Da shi za mu hau, ba da shi za mu sauko ba. Kai za ka haƙa."

Zailani ya koma yana ɗaure kaya. Tare suka taso da Yazid, kwano ɗaya. Ya kira shi, ya ce ya je ya sayo burodi, sannan ya rage murya.

"Mutumina, in ka fita kada ka dawo."

Yazid ya dubi shebur ɗin, ya dube shi, ya hau babur.

Bai tsaya ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda.

Munzali ya gaji da jira, ya yi ashar, ya ce a tafi. Sun bar kwalta ke nan jiniya ta tashi a bayansu. Zailani ya taka mota. Kaya sun yi mata nauyi—tana tangaɗi, jarkoki na zubewa. Tau! Tau! Gilashin baya ya tarwatse. Taya ta fashe, motar ta kifa cikin kwazazzabo.

Munzali nan ya cika. Sauran 'yan gungun biyu da ke motar suka shiga dawa, aka kamo su kafin magariba. Zailani an zaro shi ƙafa a karye.

A kotu Yazid ya tsaya shaida, sanye da farar riga. Ya rantse cewa Zailani ne ya harbi dattijon. Ko sau ɗaya bai dubi inda yake ba.

Da aka fito da Zailani za a sa a motar gidan yari, wata mata mai goyo ta matso. Ta ce sunanta Hadiyya, 'yar mamacin ce. Ba ta zage shi ba. Tambaya ta yi, ko babanta ya ce wani abu kafin ya rasu.

"Ruwa ya nema," in ji Zailani.

"Ka ba shi?"

Aka tura shi cikin motar. Ta jira har gandiroba ya rufe ƙofar.