Kuskuren Dattijon Hubbare

Ranar da Mansur ya fara ganin Rahma, bidiyo ta ɓata masa. Ya jingina waya a gindin darbejiya, a makarantar da yake koyarwa a Sama Road, yana koya wa mabiyansa na TikTok lissafi kamar yadda ya saba duk Talata, sai sabuwar malama ta ratsa ta gaban kyamara abinta.

"Malama, kin shiga darasi hwa!"

"To ka ba ni maki," ta ce, ko waiwaye babu.

Maki kam ya ba ta, ya haɗa da zuciyarsa. Kafin wata uku saƙonni sun kankama.

"Ɗalibata, duk lissafin da na buga yau, sunanki ke hitowa."

"Malamina, a rage zaƙin baki, a turo magabata."

Aka tura. Mahaifinta Alhaji Mode, mai sayar da yadi a kasuwa, ya ce atafau. "Wanga malamin waya? Ba ni ba shi ɗiyata!" Dalili kuwa ya ƙi faɗa. Rahma ta sha kuka, Mansur ya rame har mabiyansa suna yi masa sannu da jiki.

Wata safiya Alhaji ya miƙa wa Rahma wayarsa, wai wayar ta daina ƙara, ta duba masa. Tana dubawa ta ga Baba da kansa yana TikTok, da sunan "Dattijon Hubbare", kuma mutum ɗaya tak yake bi: Mansur. Ta dafe ƙirji. Ai bidiyon Mansur da ya fi tashe shi ne wanda ya haska gurguwar amsar da wannan Dattijo ya rubuto kan mayar da yadi zuwa mita, yana cewa, "Yara, kar ku yi irin wanga kuskure." Ashe 'yan layin yadi sun gane mutuminsu, sun yi ta tsokanarsa.

Ta rubuta: "Malamina, surukinka ka kayar a jarrabawa gaban duniya."

Washegari Mansur ya fito a bidiyo a ladabce, hula zaune daram. "Jama'a, yadi nawa ka isar dogon mutum babbar riga da 'yar ciki da wando? Wallahi ban sani ba. Sai Dattijon Hubbare."

Alhaji ya daure har azahar, sannan ya kasa. Ya zubo amsa doguwa, har da na mai tumbi.

"Goma bisa goma!" in ji Mansur a bidiyo na gaba. "Yau ni na ɗalibi."

Sau bakwai Alhaji ya kalla, ya kuma zagaya layin yadi da shi shago-shago. Da yamma ya kira Rahma. "Shi turo mutanenshi. Amma shi goge wancan na hwarko."

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, Alhaji ya riƙe hannun ango, idonsa ya ciko.

"Ga amana nan, Allah shi yi muku albarka." Ya rage murya. "Amma darasin Talata kar shi tsaya don amarci. Har yau mitan nan ba ta zauna min ba."